Ranar da Akuya Ta Ƙi Tashi

Yaran yanzu, iska na ɗan kaɗawa sai su ce ana sanyi. Ba su ga sanyi ba. Sanyi shi ne na shekarar da Sawwa ɗan Zahar ya mutu a cikin fatar Akuya, shekarar da hankaka ke daskarewa a sama ya faɗo tim kamar dutse, in ka tofa yawu ka ji ƙararsa kafin ya kai ƙasa. Duk wanda ya tsaya a kan kogi ranar da abin ya ƙare ya riga ni kwanciya: da fada, wato limamin cocinmu, da dagaci, da masu waƙar coci. Ni kaɗai na rage, da haƙorana a bakina. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a haifi wanda zai gyara mini wannan labari ba.

A ƙauyenmu Olhofka, Akuya ta gidan su Zahar ce tun kaka da kakanni. Kan akuya ne na katako mai ƙaho, da muƙamuƙin da ake ja da igiya yana ƙwas-ƙwas, an ɗinke shi a jikin wata tsohuwar rigar fatar tumaki da aka juyo gashinta waje. Shekara guda tana rataye a rumbu, fuskarta na kallon bango. In Kirsimeti ta zo, lokacin da rana ta gama ramewa ta fara juyowa, sai a sauko da ita. Daga nan har Idin Baftisma tana bin gari gida-gida. Uwargida ta yafa wa hotunan waliyyai tawul, Akuya ta shigo, ta yi rawa, ta tunkuyi 'yan mata, ta faɗi matacciya a tsakar ɗaki, ba ta tashi sai an cika buhu. Gidan da ta mutu ta tashi a cikinsa, hatsinsa zai tashi. Gidan da ta tsallake, kafin bazara yana ara a maƙwabta. Kowa ya san haka. Matar fada ma takan aiko a zagayo da ita ta bayan gida, wajen garken shanu, lokacin da mijinta ke coci.

Kowa kuma ya san abin da ke biyo baya. Wanda ya sa fuskar dabba ya ɓata siffar da Allah ya yi masa. Ba ya sumbatar gicciye, ba ya karɓar jibin Ubangiji, sai ranar Idin Baftisma, in an sare ƙanƙarar kogi an buɗe ramin da muke kira Urdun. Fada ya tsoma gicciye, shi kuma mai laifi ya tuɓe ya faɗa ciki. In ya fito, ya koma Kirista kamar kowa. Zahar ya yi wannan wanka tun gemunsa bai tsiro ba har ya yi fari fat. Da gwiwoyinsa suka ƙi, sai ya miƙa wa Sawwa fatar, shi ya koma mai jan Akuya: ga sanda, ga buhu, ga baki.

Sawwa shi kaɗai ya rage masa cikin 'ya'yan da matarsa Fiyokla ta haifa. Ƙato ne, mai sarar itace, ba shi da yawan magana. Shi ya sa Akuya ta dace da shi, don Akuya ba ta magana.

Da yammacin ranar da abin ya faru sun riga sun zaga rabin gari kafin su iso gidan dagaci Porfiri, kuma kowane gida sai an ɗaga muƙamuƙin Akuya an ɗura mata ƙoƙon barasa, don ƙin sha cin fuska ne ga mai gida. A bakin ƙofa sai murya ta fito daga cikin fata.

"Baba, ƙirjina ya yi nauyi. Mu bar nan sai gobe."

"Gidan Porfiri za mu bari?" in ji Zahar. "Jiya ya yanka alade, tun daga rijiya nake jin ƙanshi. Shiga, raggo! Ni da nake kamarka ƙauye biyu nake zagawa, in dawo in faskara itace."

Suka shiga. Lukerya matar dagaci ta hura murhu har bango na gumi, don a san gidan ba a ƙarancin itace. Ɗaki ya cika maƙil, har a kan murhu mutane ne. Zahar ya buga sanda a ƙasa.

"Salama, masu gida! Na kawo muku baƙuwa daga nesa. Inda ta taka dusar ƙanƙara, ciyawa ke fitowa a sawunta."

"Tsohon ɓarawo," in ji Porfiri yana dariya. "Bara ma haka ka ce, ta tafi mini da rabin alade."

"Wannan ramammen? Dagaci, sai da ta ji kunya a madadinka. Haƙarƙari kawai muka tarar, na yi tsefe da shi."

Aka fashe da dariya. Mai jita ya kama kiɗa, Akuya ta shiga rawa. Ta yi tsalle, ta yi ƙwas-ƙwas da baki, ta kori 'yar dagaci har ƙarƙashin tebur. Ta juya, ta sake juyawa, sai ta tsaya cak kamar mai sauraron wani abu, sannan ta kife da fuska. Faɗuwar ta yi ƙarfi har cokula suka yi tsalle a kan tebur. Mutane suka yi shewa. Wani ya ce ko Zahar a zamaninsa bai taɓa faɗuwa mai kyau haka ba.

Mata suka ɗauki waƙa suna tafi:

Akuyarmu ta kwanta, wa ya kashe ta?
Rowar uwargida ce ta kashe ta.
A kawo kitse, a kawo fanke,
Ta miƙe, hatsi ya miƙe da ita.

Lukerya ta jefa burodi guda a buhu. Zahar ya zunguri Akuya da sanda. Ba ta motsa ba.

"Burodi, Lukerya? A gidan dagaci? Gwauruwar bakin gari ma ta ba da ƙwai."

Ta ƙara fanke. Ya sake zungura. A nan ne ƙafar Akuya ta fara karkarwa, dunduniyar tana kartar ƙasa, wani gurnani na fitowa daga cikin katako. Zahar ya durƙusa ya kara kunne, ya ɗago da fuskar mai hikima.

"Kun ji? Cewa take, cinya."

Ɗaki ya kusa tsagewa da dariya. Zuciyar Zahar ta yi fari. Ashe yaron nan ya fara koyon sana'a, ya san gidan da ake daɗewa a mace. Lukerya ta rantse ba za ta bayar ba, Zahar ya rantse zai bar mata gawar ta kwana da ita, Porfiri yana share hawaye yana cewa a ƙara wa tsoho barasa. Aka ja ciniki, aka sake rera waƙar, aka kuma. Ƙafar ta daina karkarwa, ba wanda ya lura. Daga ƙarshe Lukerya ta shiga ciki ta fito da cinyar alade tana tsaki, ta cusa a buhu.

Zahar ya buga sanda, alamar tashi. Shiru. Ya sake bugawa. Ya sunkuya ya yi raɗa: "Ya isa, ɗan banza, buhu ya cika."

Ustinya matar Sawwa, wadda ke tsaye a bakin ƙofa cikin masu biyo Akuya, ita ta ga hannun. Ya zamo daga ƙarƙashin fata, tafin yana kallon sama, farata sun yi shuɗi. Ihun da ta yi ne ya kashe kiɗan.

Aka yanke igiyoyi, aka cire kan katako. Aka ja shi waje aka goga masa dusar ƙanƙara a fuska da ƙirji, aka ɗura masa barasa tana dawowa ta gefen baki. Wata tsohuwa ta taɓa wuyansa ta ce ai da an cire masa fatar tun faɗuwar farko, da wataƙila. Ba ta ƙarasa ba.

"A gidana!" Lukerya ke ta faɗa. "A gidana ta ƙi tashi! Me muka yi muku?" Kafin a ɗora Sawwa a amalanken da ake ja a kan ƙanƙara, ta zura hannu a buhu ta zare cinyar aladenta. Zahar ya gani.

Washegari ya tafi gidan Fada Nikanor. Fadan ba mugu ba ne. Siriri ne mai tari, mai tarin 'ya'ya mata, takalminsa ya sha faci. Zahar ya tarar da shi yana karya kumallo da fanke, kuma ya gane fanken, don daga buhun Akuya ake aika wa gidan fada rabonsa kowace shekara.

"Fada, na zo a buɗe mini ƙasa kusa da Fiyokla, ƙarƙashin farin itacen nan. Wurina ne. Na bar masa."

"Zauna, Zahar."

"Ba zama na zo ba."

Fada ya ture kwanon gefe. "Ya mutu da fuskar dabba a kansa, da barasa a cikinsa. Bai yi wanka ba, bai furta zunubi ba. Ka san inda ake kai irinsu."

Zahar ya sani. Bayan shingen maƙabarta, a bakin kwazazzabo, inda ake binne wanda ya rataye kansa da wanda giya ta kashe. Babu gicciye, babu addu'a, babu ambaton suna ranar tunawa da matattu. Mai wucewa ya jefa reshe ya tofa yawu ya ƙara sauri. In fari ya zo, su ake zargi, har a tono su.

"Kai ka ɗaura masa aure, Fada. Wa ya hau rufin coci bara da iska ta yaye shi? Dagaci?"

"Kowace shekara ina faɗa muku a coci, wannan wasa na arna ne, tun kafin kakanninku su san sunan Almasihu."

"Kana faɗa da safe. Da yamma uwargidanka ta aiko a zagayo ta wajen shanu."

Kunnuwan fada suka yi ja. Ya miƙe ya rufe ƙofar ciki, ya dawo ya rage murya. "Sabon bishop ba irin na da ba ne. Fadan ƙetaren daji, a kan abin da bai kai wannan ba aka tuɓe shi, yanzu yana can gidan sufaye yana sharar dusar ƙanƙara, iyalinsa na bara. A gaban rabin gari ɗanka ya mutu. Wa zai rufe bakin rabin gari? Ka dubi 'ya'yana, Zahar."

"Nawa na zo ka duba." Zahar ya murza hularsa a hannu. "Da ya kai ranar wanka fa?"

"Da ya shiga Urdun, da babu wata magana. Da kaina zan rera masa addu'a."

"To zai shiga."

Fada ya ɗauka zafin mutuwa ne ke magana. Ya sa masa albarka, ya raka shi ƙofa.

Zahar bai haƙa kabari ba. Ya kwantar da Sawwa a rumbu a kan katako, ƙarƙashin ƙugiyar da Akuya ke rataye, ya bar wa sanyi aikin tsaro. A irin wannan sanyi gawa ba ta canzawa. Kullum da safe yakan shiga ya share masa daskararriyar raɓa daga gira.

Gari ya janye jiki. Mutanen da a makon jiya suke tare shi a hanya, "Kawu Zahar, don Allah a fara da gidanmu," yanzu in sun hango shi sai su tuna sun manta wani abu a gida. Ba wadda ta shigo ta yi kukan mutuwa. Ba wanda ya kawo ko tafin gari. Porfiri ne kaɗai ya zo, shi ma a ƙofar shinge ya tsaya.

"Dattijo, mutane na magana. Irin wannan gawa ba a barinta a cikin gari a kwanakin nan da ƙofar lahira ke buɗe. Na sa samari su hura wuta a bakin kwazazzabo, ƙasa ta yi laushi a haƙa masa rami. Ba sai ka biya kowa ba."

"Ka kyauta, Dagaci. Yaya cinyar? Ta yi daɗi?"

"Kada ka ɗora mini. Ba ni na sa masa fata ba."

"A'a. Kai dai ka aiko tun kafin Kirsimeti cewa kada a makara."

Porfiri ya tofa yawu ya juya.

A cikin gida Ustinya ba ta yi masa magana ba sai a jajibirin Idi. Tana zaune tana ɗinkin farar riga doguwa. Ta dafa faten alkama da zuma kamar yadda ake yi, ta ajiye cokali a gefen tebur don Fiyokla da sauran matattun gida, ta ƙara wani sabo kusa da shi. Ba ta ɗago kai daga ɗinkin ba ta ce:

"Baba, na ji shi a bakin ƙofa."

Zahar ya tsaya da cokali a hannu.

"Ya ce ƙirjinsa. Kai ka ce raggo."

"Na ce."

"Shi ke nan. So nake ka san na ji." Ta ciji zare. "Gobe in za ka ja amalanken, ba za ka iya kai kaɗai ba. Zan kama."

Da ya fita ba wa saniya ruwa, ya ga an zana gicciye da alli a ƙofofin gari, kamar yadda ake yi a wannan rana don korar aljanun da suka shigo tun Kirsimeti. Kowa ya zana ƙarami a ƙofarsa. A ƙofar rumbun Zahar wani ya zo ya zana babba, daga sama har ƙasa, daga waje.

Ranar Idi gari ya waye tas, rana ta fito da kunnuwa biyu, haske a dama da hagu, saboda tsananin sanyi. Ƙararrawa ta kaɗa, aka fito daga coci da tutoci da hotunan waliyyai, fada a gaba cikin rigarsa mai ruwan zinariya, tururi na tashi daga bakunan masu waƙa. An sare ramin da siffar gicciye, ruwan baƙi ƙirin yana hayaƙi, kana jin kogi na gudu a ƙarƙashin ƙafarka.

Zahar ya tsaya can nesa da amalankensa, bai kutsa ba. Ya bari fada ya tsoma gicciye. Ya bari mata suka yi turereniya suka cika tuluna da kwalabe da ruwan shekara, wanda za a yayyafa wa shanu da jarirai da marasa lafiya. Ya bari samarin da suka shafa baƙin tukunya a fuska suka bi Akuya suka tuɓe, suka faɗa suna ihu, suka fito ja wur, aka lulluɓe su da riguna ana yi musu dariya. Da aka gama, fada ya juya zai hau gaɓa, sai aka ji kukan katako a kan ƙanƙara.

Shi da Ustinya ne suke ja. Mutane suka dare gida biyu. Sawwa na kwance cikin farar riga, an taje masa gashi, ƙaramin gicciyensa na jan ƙarfe a kan ƙirji, an zarga masa igiya ta ƙarƙashin hamata.

"Zahar!" in ji Porfiri. "Ka haukace? Ruwan da muke sha!"

"Kun ɗiba. Na jira ku." Ya dubi taron. "Saura mutum ɗaya bai yi wanka ba. Wa zai kama mini ƙafa?"

Ga samarin da Sawwa ya koya wa riƙon gatari, ga waɗanda ya ɗauke wa gungume a daji. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Sai Ustinya ta naɗe bakin igiya a hannunta ta kafa dunduniya, tsoho ya rungumi ɗansa, wanda ya sandare kamar itace, ya zamar da shi a hankali ta ƙafa. Ruwa ya karɓe shi har wuya. Igiya ta miƙe, don kogi ya fara ja.

Zahar ya durƙusa a bakin rami, ya ɗora tafinsa a kan Sawwa ya danna. "Da sunan Uba." Ya ɗago shi. "Da Ɗa." Hannun rigarsa ya daskare ya zama kamar kwano. "Da Ruhu Mai Tsarki." Mata suka yi alamar gicciye ba su sani ba, don hannu ya saba.

Ya riƙe ɗansa ta wuyan riga, fuskar tana sama, ruwa na gangarowa daga gemu. Ya ɗago kai.

"Fada, ya shiga Urdun. A gabanka, a gaban rabin garin da kake tsoro da ɗaya rabin. Ka ce da kanka za ka rera."

Fada Nikanor ya ɗaga ido. Bai dubi Zahar ba, mutane ya duba, fuska bayan fuska. Zahar ya gane abin da yake nema. Murya ɗaya. Mutum ɗaya ya ce, Fada, a yi haƙuri, mun gani, ya wanku, ba mai kai ƙara. Da dagaci ya faɗa, da gari ya amsa, da an gama.

Zahar ma ya bi su da ido. Babu gida ɗaya a nan da Akuya ba ta mutu a tsakar ɗakinsa ba. Ya san wa ke ba da ƙwai, wa ke ba da kitse, wa ya taɓa biyo shi da gudu babu hula don an tsallake ƙofarsa. Porfiri yana gyara ɗamararsa. Lukerya ta rungume tulunta ta rufe bakinsa da mayafi.

Ba wanda ya yi tari.

"Ruwa mai rai yake wankewa, Zahar," in ji fada, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mai rai da ya tuba. Matacce ba ya tuba. Fito da shi. Zan zo bakin kwazazzabo da kaina, ba da rigar coci ba, in tsaya tare da kai."

"Ka tsaya ka yi me? Ka taya ni tofa yawu?"

Fada ya kau da kai.

"To faɗa mini abu ɗaya, kai da ka yi karatu. Ruwan nan yau mai tsarki ne?"

"Ka gani da idonka."

"Ramin kaɗai, ko kogin duka?"

"Yau ruwa duka mai tsarki ne. Har inda ya shiga teku."

"Ashe ya fi gonarka faɗi," in ji Zahar. "Kuma ba shi da shinge."

Ya sunkuya ya sumbaci goshin Sawwa, leɓensa ya kusa mannewa. Ya waiwaya.

"Saki, 'yata."

Ustinya ta dube shi, ta dubi gaɓa, can inda hayaƙin wutar samarin Porfiri ke tashi daga bakin kwazazzabo. Ta warware igiyar daga hannunta, zagaye bayan zagaye, ta ajiye ta a kan ƙanƙara kamar mai ajiye jariri. Zahar ya buɗe yatsunsa. Gawar ta juya, kafaɗa ta maƙale a leɓen rami. Sai ya ɗauki sandarsa, sandar nan dai da ya zungure shi da ita a gidan dagaci, ya sa a kafaɗar ya tura a hankali. Farar rigar ta shige ƙarƙashin ƙanƙara. Aka ga inuwarta tana tafiya ƙarƙashin ƙafafun mutane, suna tsalle suna kaucewa, igiya na bin ta kamar wutsiya, har bakinta ya faɗa ruwa.

A lokacin ne gari ya sami murya. Ihu, zagi, mata na kuka, Porfiri na rantsuwa zai kai shi gaban hukuma. Zahar ya miƙe da ƙyar, ya kama igiyar amalanke, shi da surukarsa suka ratsa ta tsakiyarsu suka hau gaɓa. Amalanken ba nauyi yanzu, yana ta buga musu dunduniya.

Ba a kai shi ko'ina ba. Kai ƙara na nufin a faɗi gidan da abin ya faru da wanda ya zuba barasa. Da bazara ta zo ƙanƙara ta farfashe ta tafi, ba a ga Sawwa ba, ko a madatsar injin niƙa. Mata suka ƙaurace wa kogi suna layi a rijiya, har rani ya ƙafar da rijiyar, suka koma kogi suka sha. Gonar Porfiri kuwa, inda Akuya ta ƙi tashi, ta yi hatsin da ba ta taɓa yi ba. Ustinya ta koma gidan iyayenta bayan girbi. Ta bar wa tsoho cokalin Sawwa.

Da Kirsimeti ta sake zagayowa, sai ga dagaci a ƙofar Zahar, wannan karon har cikin ɗaki, da kwalba a hamata.

"Dattijo, abin da ya wuce ya wuce. Gari ba ya zama babu Akuya, ka fi kowa sani. Ba kai za ka ja ba, ba mu ce ka fito ba. Aron fatar kawai."

Zahar ya fita, ya dawo da ita, ya shimfiɗa a kan tebur. Igiyoyin da aka yanke suna nan yadda suke.

"Ga ta. Ɗanka babba ya kai, ƙirjinsa da faɗi. Turo shi in gwada masa. Ni zan koya masa faɗuwa."

Porfiri ya dubi kan katakon, katakon ya dube shi.

"Ai yaron nan yana waƙa a coci," in ji shi.

"Na sani."

Dagaci ya ɗauki kwalbarsa ya fita. A wannan makon suka sassaƙa sabon kai, suka samo wani makiyayi baƙo, marar kowa a garin, suka sa masa. Da yamma Zahar na zaune shi kaɗai ya ji kiɗan yana matsowa, gida bayan gida, mata na rera wa ya kashe ta, wa ya kashe ta. Suka zo daidai ƙofarsa, kiɗan ya yi ƙasa, suka wuce, ya sake tashi a gidan gaba.

Bai ƙara taka coci ba. Amma da ya mutu, ba da fuskar dabba ba, ba da barasa a ciki ba, babu dokar da ta hana. Aka buɗe ƙasa kusa da Fiyokla, ƙarƙashin farin itacen, aka sa shi a wurin da ya roƙa wa ɗansa. Fada Nikanor ya rera masa addu'a mai tsawo, gari duka ya zo, aka ci fanke.